Ɗaukar Hoto ko Gyaran Ɗakin Ajiya: Wanne Za a Fara Kashe wa Kuɗi Wajen Adana Kayan Tarihin Zazzau?

Duk wanda aka damƙa wa amanar kayan tarihi a Zariya, ko ma'aikacin gidan tarihi ne, ko malamin jami'a mai kula da ma'ajiyar sashensa, ko magajin wani zaure a Unguwar Juma ko Kona da ya gaji adakoki cike da littattafan kakanni, ranar da ɗan kuɗi ya shigo hannunsa zai tarar da shawara iri biyu suna jiransa. Masu shawarar farko za su ce ya sayi kyamara da kwamfuta ya ɗauki hoton komai, domin a ganinsu abin da ya shiga kwamfuta ya tsira. Masu ta biyu za su ce ya bar batun hoto tukuna, ya gyara ɗakin da kayan suke, ya sayi na'urar auna danshi da akwatuna masu kyau, ya yaƙi gara. Dukkan hanyoyin biyu fasahar zamani ce, kuma da kuɗin ya wadata da an haɗa su. Da yake ba kasafai yake wadata ba, ya zama dole a san abin da kowace hanya take iya yi, da abin da ba ta iya yi, da nawa za ta ci gaba da ci bayan shekarar farko.

Hujjar masu son hoto tana da ƙarfi, kuma tarihin baya-bayan nan yana goyon bayansu. A ranar 2 ga Satumba, 2018, gobara ta cinye babban gidan tarihin ƙasar Burazil da ke birnin Riyo, wanda yake ɗauke da kaya kimanin miliyan 20, mafi yawansu kuma suka salwanta a dare ɗaya. Bayan haka aka riƙa roƙon mutanen da suka taɓa ziyartar gidan su aiko da hotunan da suka ɗauka, saboda wasu kayan ba su da wata shaidar da ta rage sai waɗannan. A watan Janairun 2013 kuma, masu ɗauke da makamai da suka mamaye Tambutu sun ƙona ko sun yi awon gaba da rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 daga cibiyar Ahmad Baba. Babu akwati ko na'urar sanyaya ɗaki da za ta tsayar da wuta ko ɗan bindiga. Abin da kawai yake tsira daga irin wannan masifa shi ne kwafin da aka riga aka ajiye a wani wuri dabam. Wannan tunani ba baƙo ba ne a Zariya, domin tun 1964 aka kafa shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, kuma ma'aikatansa sun bi gidajen malamai da na sarakuna suna karɓar aron littattafai, suna ɗaukar su a kan siririn fim, suna mayar wa masu su. Kyamarar yau ta gaji wancan aikin ne, sai dai tana fito da launin jar tawada da rawaya da aka yi wa shafi ado da su, kuma ɗalibi a Sakkwato ko Alƙahira yana iya karanta shafin ba tare da ya taɓa takardar ba. Wannan na ƙarshe shi ma adanawa ne, saboda yawan juya ganye da hannu yana cikin manyan abubuwan da ke karya tsohuwar takarda.

To amma hoto yana ɗaukar abin da fuskar kaya take nunawa ne kawai. Yawancin littattafanmu na ƙarni na 19 an rubuta su a kan takardar da aka shigo da ita daga Italiya ta hanyar Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku da ba a ganinsa sai an haska takardar ta baya, kuma da wannan tambari masana suke ƙiyasta shekarun littafin da ba a rubuta masa kwanan wata ba. Haka nan irin tawadar, ko ta gawayi ce ko wadda aka haɗa da bagaruwa da ƙarfe, da irin jimar da aka yi wa fatar gafaka da tadarishi, da zaren tsamiya da aka yi wa babbar riga aska da shi, duk bayanai ne da suke cikin jikin kayan, kuma na'urorin binciken da ake ƙirƙirowa suna iya karanta su ne muddin kayan suna nan. Idan gara ta cinye littafin bayan an ɗauki hotonsa, matanin ya tsira, amma duk tambayar da ba a yi wa takardar ba kafin ranar ta tafi ke nan. Ga tambarin da ake kaɗawa ko lifidi ko sulke kuwa asarar ta fi haka girma, domin darajar waɗannan ba a rubuce take ba. Hoton tambari ba ya fitar da sauti, kuma ba ya gaya wa maƙeri nauyin sulke.

Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu, cewa abin da aka zuba a kwamfuta ba ya lalacewa. Faifan ajiya yana mutuwa ba tare da sallama ba, zafi da ƙura da wutar da ke zuwa da ƙarfi suna gaggauta mutuwarsa, kuma na'urar da ke karanta shi tana iya ɓacewa daga kasuwa. Ko manyan cibiyoyi ba su tsira ba: a watan Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa Laburaren Birtaniya, aka yi watanni masu bincike ba sa iya kaiwa ga abubuwa da yawa da aka ɗora a intanet. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce a yi kwafi 3, a kan ma'adanai iri 2, ɗaya daga cikinsu a wani gari dabam, sannan a riƙa dubawa ana sabunta su bayan 'yan shekaru. Lissafin yana da sauƙi. Hoto ɗaya da ba a matse shi ba, daga kyamara mai megafiksel 24, yana cin kimanin megabait 72. Littafi mai ganye 500 yana da shafi 1,000, wato gigabait 72 ke nan, kuma faifai mai terabait ɗaya ba zai ɗauki fiye da irinsa goma sha uku ko sha huɗu ba. A ninka wannan sau uku, a tuna cewa za a sake sayen faifan, sai a ga cewa ɗaukar hoto ba kashe kuɗi ne na rana ɗaya ba, nauyi ne da wani zai ci gaba da ɗauka bayan wanda ya fara aikin ya yi ritaya ko ya rasu.

Wanda ya zaɓi wannan hanya yana da ƙaramin zaɓi a cikinta, tsakanin sikana da kyamarar da aka kafa a kan mariƙi tana kallon ƙasa. Ga tsofaffin littattafanmu kyamara ce ta fi, ba tare da wata tantama ba. Sikana tana danne takarda da murfi, wadda ke jan takarda da kanta kuwa tana iya yayyaga ganyen da ya bushe, alhali kyamara ba ta taɓa komai. Da yake littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba, ganye-ganye ne a cikin tadarishi, suna shimfiɗuwa sosai a gaban kyamara, amma wannan sauƙi yana tare da haɗarin hautsina tsarinsu, don haka ake sa wa kowane ganye lamba da fensir kafin a fara, ba da biro ba. A sa ma'aunin tsawo da katin launuka a gefen shafi, a ɗauki tambarin takardar da haske ta ƙasa. Abin da ya fi kyamarar tsada, kuma aka fi mantawa da shi a kasafi, shi ne mutumin da zai karanta littafin ya rubuta sunansa da na mawallafinsa da na mai kwafinsa da fanninsa. Hoto dubu goma marasa suna ba su da amfani ga kowa. A nan Zariya tana da abin da kuɗi ba ya saya cikin sauƙi a wasu wurare, wato almajiran ilimi na zaure da suka saba da hannun magabata, na Larabci da na ajami, kuma ya kamata a biya su kamar yadda ake biyan mai kyamara.

Hanya ta biyu tana farawa da yanayin garin. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a watan Agusta iska tana cika da danshi har bango ya yi laima. Da hunturu ya shigo sai lamarin ya juye, iska ta bushe ƙayau, ƙura ta shiga ko'ina. Takarda da fata da itace da zare duk suna shan danshi su kumbura, su sake shi su tsuke, kuma wannan kai-komo na kowace shekara shi ne yake tsaga akushi da sirdi, yake sa fatar ganga ta yage, gafaka ta yi tauri ta karye. Masana adana kaya sun fi son danshin ɗaki ya zauna tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Idan ya daɗe sama da kashi 70 fumfuna tana tsirowa, tawada mai ƙarfe tana ƙara cin takarda, ƙarfe yana tsatsa. Zafi ma yana da nasa: an ƙiyasta cewa duk ragin digiri 5 yana kusan ninka tsawon ran takarda. Wannan ɓarna ba ta da ƙara irin ta gobara, amma kowace shekara tana aiki, kuma a ganina ita ce ta fi cinye mana kaya.

A nan ma akwai zaɓi, kuma a nan ne aka fi asarar kuɗi. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a sa na'urar sanyaya ɗaki. A inda wuta ba ta yankewa hakan yana da kyau. A inda ake kawo ta a ɗauke sau da yawa a yini, ko ake kashe janareto idan an tashi daga aiki, na'urar tana iya yin ɓarnar da ta fi ta rashinta, domin ɗakin zai yi sanyi da rana, da dare iska mai ɗumi da danshi ta shigo ta tarar da kaya masu sanyi, raɓa ta kwanta a kansu, gobe a sake. Kai-komon da a da yake faruwa sau ɗaya a shekara ya koma na kullum. Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne ɗaki na tsakiyar gini, mai kaurin bango, wanda rufinsa ba ya yoyo kuma rana ba ta dukan tagarsa, a toshe kafofinsa, a jera kaya a kan kantocin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa aka kuma janye daga bango, kowane littafi a cikin akwatin kwali marar sinadarin asid. Akwatin da kansa yana rage saurin canjin danshi, yana tare ƙura da haske. Ginin ƙasa mai kauri, irin na cikin birni, yana riƙe sanyi fiye da ɗakin bulo mai rufin kwano, muddin ana yi masa yaɓe kuma ana lura da gara. A cikin irin wannan ɗaki, 'yar na'urar da ke auna zafi da danshi tana adana lissafin, wadda batirinta ke yin watanni, ita ce sayayyar da ta fi kowace riba, domin bayan shekara guda za ta nuna makonnin da haɗarin yake. Sau da yawa za a ga cewa ana bukatar na'urar tsotse danshi ne a tsakiyar damina kawai, kuma wannan sola da batir suna iya ɗaukarta. Ga kaya ƙanana masu daraja, akwatin da iska ba ta shiga tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi ya isa, kuma ana busar da ƙwayoyin a tanda a sake amfani da su.

Batun ƙwari ya cancanci a tsaya a kansa, saboda abin da aka saba yi, wato fesa fiya-fiya a kan kaya, yana ɓata launi, yana cutar da mai aikin, kuma ba ya kaiwa ga ƙwan da ke cikin itace. Gidajen tarihi na zamani suna amfani da hanyoyi biyu marasa guba. Ɗaya ita ce a naɗe kayan a leda a rufe, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na tsawon mako guda. Ɗayar kuma ita ce a rufe kayan a jaka ta musamman tare da ƙunshin sinadarin da ke shanye iskar shaƙa, a bar shi kimanin mako uku har ƙwaro da tsutsarsa da ƙwansa su mutu. Ta farko ta fi sauri, amma tana bukatar wutar da ba za ta yanke ba har kwana bakwai, kuma ba ta dace da kayan da aka haɗa da abubuwa iri-iri kamar ganga mai ɗaurarriyar fata ba. Ta biyu ba ta bukatar wuta ko kaɗan, kuma ɗumi yana ƙara mata ƙarfi, don haka ita ce ta fi dacewa da Zariya. Gara kuwa daga ƙasa take tasowa, maganinta yana ga gini da yawan dubawa, ba ga jikin littafi ba. Sai abu biyu da ake yi da kyakkyawar niyya waɗanda ya kamata a daina gaba ɗaya: manna salatif a kan yagaggen ganye, da kai tsohuwar takarda shago a rufe ta da leda mai zafi. Ƙaron salatif yana ratsa takarda ya bar tabo, ledar kuma ba ta ɓantaruwa sai da rubutun.

Akwai fasaha ta uku da ake yawan tallatawa, wato ɗaukar siffar abu ta kowace fuska har a iya juya shi a allon kwamfuta. Ana yin ta ko dai da na'urar leza, ko da hotuna masu yawa da manhaja ke haɗawa. Amfaninta ya bayyana a cocin Notre-Dame na Faris, wanda wani masanin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya auna da leza shekaru kafin gobarar Afrilun 2019, aka kuma sami ma'auninsa a hannu lokacin gyara. Ga littafi wannan fasaha ba ta da wani amfani, ga kaya masu ƙyalli kamar tagulla da sulke kuma hanyar hotuna tana ba da wahala. Inda take da muhimmanci a wurinmu shi ne abin da ba ya shiga akwati. Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, mai sarauta daga 1834 zuwa 1846, an lulluɓe abin da ya rage na gininsa na ƙasa da sabon gini a shekarun 1970, kuma an iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos ne saboda an riga an auna shi an zana shi da hannu. Sauran ganuwa, da zaurukan da ke da bakan gizo da zankwaye, da adon da magina suka yi a fuskar gidajen cikin birni, suna raguwa duk damina, wasu kuma ana rushe su a sa bulo. Ƙasa ba ta ƙyalli, saboda haka hanyar hotuna tana kama ta da kyau, kuma ɗaliban zanen gine-gine da na ilimin tono kayan tarihi a Samaru suna iya yin aikin da kyamara ta yau da kullum. Sayen na'urar leza bai kamaci ƙaramin gidan tarihi ba. Idan bukata ta taso a ɗauko mai ita na 'yan kwanaki.

Kafin duk waɗannan akwai aikin da bai kai su tsada ba, kuma ba na ganin uzurin jinkirta shi, wato rajista. A shekarar 2023 Gidan Tarihin Birtaniya ya sanar cewa kaya kimanin 2,000 sun ɓace ko an sace ko an lalata, kuma abin da ya wahalar da nemo su shi ne da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. Mutum-mutumin Nok, da ake tonowa a kudancin jiharmu ta Kaduna, suna cikin jerin kayan Afirka da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan fataucinsu tun shekarar 2000. Abin da aka sace ba a iya ƙwato shi sai an tabbatar da cewa shi ne. Lamba, da hoto biyu ko uku ko da na waya ne, da tsawo da faɗi, da abin da aka yi shi da shi, da wata alama ko tabo da ya keɓanta da shi, da inda aka samo shi: wannan ya wadatar, kuma a buga kwafi a takarda a ajiye a wani gida. A lura cewa wannan ba shi ne cikakken ɗaukar hoto da aka yi bayani a sama ba, kuma bai kamata a jira kuɗin wancan kafin a yi wannan ba.

Idan aka auna duka, hukuncina ya danganta da abin da ke hannun mutum. Mai riguna da kayan doki da ganguna da kayan ƙira ya sa kuɗinsa a ɗaki da akwati da na'urar awo, domin hoto kaɗan yake ceto masa. Mai littattafai yana bukatar hanyoyin biyu, amma ya fara da akwati da kantoci da maganin yoyo, sannan ya ɗauki hoton waɗanda babu kwafinsu a wani wuri: wasiƙun sarakuna da alƙalai, waƙoƙin ajami, talifin malaman gida, da littattafan da ke da sharhin kakanni a gefen shafi. Littafin fiƙihu ko nahawu da ake samu a kowane zaure yana iya jira. Wanda ba zai jira ba shi ne ganyen da tawada ta riga ta fara hudawa, ko wanda fumfuna ta ci, wanda ya kamata a ɗauka nan take tun ana iya karanta shi. Abin da ya faru da littattafan Tambutu ya nuna dalilin wannan tsari, domin dubban ɗaruruwan da aka kwashe a ɓoye zuwa Bamako sun tsira daga wuta sai suka fuskanci danshin can, kuma sai da aka nemo na'urorin tsotse danshi aka yi musu akwatuna, aikin hoto kuma ya ɗauki shekaru.

Wani dalili na ƙarshe ya shafi inda kuɗi ke fitowa. Masu ba da tallafi daga waje sun fi son biyan aikin hoto, kamar shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari wanda Laburaren Birtaniya ke gudanarwa tun 2004, inda ake barin ainihin takardun a ƙasarsu, a ba cibiyar gida kwafi, a ɗora hotunan a intanet kowa ya gani. Samun wanda zai biya kuɗin gyaran rufi ko sayen kantoci ya fi wuya, don haka kuɗin gida ya fi dacewa da ɗaki, na waje kuma a nemo shi don kyamara. Sai dai iyalin da za su shiga irin wannan shiri su zauna tukuna su ware abin da ba sa so ya fita, kamar takardun gado da na sirrin gida, su kuma sa a rubuta yarjejeniya da ta fayyace cewa a gidansu ko a gabansu za a yi aikin, cewa za a ba su cikakken kwafi, da kuma sunan da za a jingina wa littattafan idan an wallafa hotunansu.